Imam Sibawaihi, Ba'ajamen da Ya Zama Jagoran Malaman Nahawu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'ya'yana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a wannan fitowar na zaɓi in kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda duk mai karatun Larabci yake cin gajiyar wahalarsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Abin da ya sa na zaɓe shi, a cikin darussan da nake karantarwa babu wanda ɗalibai suke saurin yanke ƙauna a kansa kamar nahawu. Yaro zai haddace izu goma, ya sauke Ahalari da Ishmawi, amma da zarar an zo i'irabi sai ya ja da baya, ya ce wannan aikin Larabawa ne, mu 'yan zango ba a haife mu da shi ba. To, mutumin da ya rubuta uwar littattafan nahawu shi ma ba a haife shi da Larabci ba.

Asalinsa da zuwansa Basra

Sunansa Amru ɗan Usmanu ɗan Ƙanbar, ana yi masa alkunya da Abu Bishr. Sibawaihi laƙabi ne da harshen Farisa, kuma malamai da yawa sun fassara shi da ƙamshin tuffa. An haife shi wajen shekara ta 148 bayan Hijira a wani gari mai suna Baila'u, kusa da Shiraz, a ƙasar da ake kira Iran a yau. Harshen da ya buɗi baki da shi na Farisa ne. Tun yana yaro aka zo da shi Basra ta ƙasar Iraƙi, wadda a wancan zamani take cike da malaman hadisi da na fiƙihu da na lugga. A bayan garin akwai kasuwar raƙuma da ake kira Mirbad, inda Larabawan daji suke sauka, masu neman ilimi kuma su bi su da tawada da alƙalami suna rubuta yadda suke magana.

Da farko hadisi da fiƙihu ya nufa. Ya zauna gaban Hammadu ɗan Salama, ɗaya daga cikin manyan malaman hadisi na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 167. A nan ne abin da ya juya rayuwarsa ya faru.

Kuskuren harafi ɗaya

Malaman tarihi sun ruwaito cewa wata rana yana ɗaukar hadisi a majalisin Hammadu, sai aka zo wani wuri da aka ambaci sahabi Abud Darda'i bayan kalmar laisa. Ku da kuka karanta Ajurumiyya kun san sunaye biyar ɗin nan da ake yi wa rufu'a da wawun, nasabi da alif, jarra da ya'un, kuma kun san abu yana cikinsu. Sibawaihi ya ɗauka sunan laisa ne, sai ya karanta Abu da wawun. Nan take malam ya tsayar da shi a gaban jama'a, ya gaya masa ya yi lahani, domin a wannan wuri laisa ta zo da ma'anar togewa, saboda haka Aba za a ce, da alif.

Ku duba halin da saurayin nan ya shiga. Baƙo ne, Ba'ajame a tsakiyar Larabawa, ga shi an kama shi da kuskuren harshe a majalisin da ya fi kowane cika. Da wani ne, da ya ce ai dama harshen ba nasa ba ne, ya tattara takardunsa ya koma kasuwa. Da wani ne kuma, da ya ƙullaci malam har abada. Shi kuwa a nan wurin ya ɗauki alkawari cewa zai je ya nemi ilimin da babu wanda zai sake kama shi da irin wannan kuskure. Hausawa sun ce ba a rama gayya da fushi, kuma shi bai rama da fushi ba, da karatu ya rama.

Akwai abu biyu a cikin wannan alkawari da nake so ku riƙe. Na farko, ya gane ainihin inda rauninsa yake, ya ba shi suna, ya nufe shi kai tsaye. Na biyu, ya yarda tun kafin ya fara cewa abin nan mai koyuwa ne, kuma shi ɗin nan zai iya koyonsa har ya kai ƙarshe. Babu mai ɗaukar irin wannan alkawari sai wanda yake kyautata zato ga Ubangijinsa. Ya zo a hadisin ƙudusi, cikin Buhari da Muslim, cewa Allah yana wurin zaton da bawansa yake yi masa. A cikin Muslim kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da mu yi kwaɗayin abin da zai amfane mu, mu nemi taimakon Allah, kada mu gajiya.

A gaban Halilu

Ya tashi ya tafi wurin Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, wanda babu kamarsa a ilimin Larabci a wancan lokaci. Halilu shi ne ya fitar da ilimin aruli, wato ma'aunin waƙoƙin Larabci, gare shi ake danganta Kitabul Aini, ƙamus na farko na harshen, kuma gare shi ake danganta siffofin wasullan nan da muke gani a rubutu yau. Duk da haka mutum ne mai gudun duniya. Ɗalibinsa Nalru ɗan Shumailu ya ba da labarin cewa yana zaune a wata 'yar bukka a Basra cikin ƙuncin hannu, alhali almajiransa suna samun dukiya da iliminsa.

Sibawaihi ya lizimci wannan malami lizimta ta gaskiya. Bai zama irin ɗalibin da yau yana wannan zaure, gobe yana wancan, jibi ya ce littafin ya yi wuya a canja masa wani ba. Ya karɓi ilimi daga wasu malamai kamar Yunusa ɗan Habibu da Abul Haɗɗabi Al'ahfash babba, amma duk a fanni ɗaya, kuma Halilu ne ginshiƙinsa. Wanda ya buɗe littafinsa zai ga yadda yake tambayar malam mas'ala bayan mas'ala, yana kawo amsar, yana kawo dalilin. Masu bincike sun ƙirga inda ya ambaci Halilu a littafin, sun samu ya haura sau 500. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna muku shekarun da aka yi ana zaune ana sauraro da kunne biyu.

Malamin ma ya yi nasa. An ruwaito cewa idan Sibawaihi ya shigo, Halilu yakan yi masa maraba, ya kira shi baƙon da ba a gajiya da zuwansa, kuma wanda ya ruwaito labarin ya ce bai taɓa jin ya faɗa wa wani haka ba. A nan ina jan hankalin 'yan'uwana malamai. Gyaran Hammadu ne ya tayar da Sibawaihi, amma marabar Halilu ce ta zaunar da shi. Ɗalibi yana bukatar a nuna masa kuskurensa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, yana kuma bukatar ya ga a fuskar malaminsa cewa ana sa ran alheri daga gare shi.

Ban da baƙunta, akwai wani cikas kuma. An ruwaito cewa harshensa yana da 'yar sarƙewa idan yana magana, har waɗanda suka gan shi suka ce alƙalaminsa ya fi bakinsa fasaha. Wannan ma bai sa ya bar fagen ba. Ya zuba ƙarfinsa inda Allah ya buɗe masa, wato tunani da rubutu. Irin nacinsa ya bi ɗalibansa. Akwai ɗaya mai suna Muhammadu ɗan Mustaniru da yakan yi sammako, kullum malam ya buɗe ƙofa da asuba sai ya tarar da shi tsaye. Sibawaihi ya kamanta shi da wani ƙwaro mai yawon dare, sunan kuwa ya bi shi, har yau a littattafai Ƙuɗrubu ake kiransa.

Littafin da ba a sa wa suna ba

Bayan rasuwar Halilu, Sibawaihi ya ga cewa idan ba a tattara wannan ilimi ba zai watse tare da masu shi. An ruwaito cewa ya nemi wani abokin karatunsa su haɗa hannu su raya ilimin malaminsu. A ƙarshe shi ne ya ɗauki nauyin, ya zauna ya rubuta littafi mai babi sama da 500.

Ya fara da kasa magana gida uku: suna, da aiki, da harafi. Duk wanda ya buɗe Ajurumiyya ya san wannan kaso, to daga can ya taso. Daga nan ya bi dokokin ginin jimla, sannan sarfu, wato yadda kalma take juyawa, sannan ya rufe da sautukan haruffa. A wannan sashe na ƙarshe ya ƙirga haruffa 29 da mafita 16, ya bayyana siffofinsu. Malaman tajwidi sun gina a kan wannan bayani. Imam Shaɗibi ya tafi a kan mafita 16 kamar Sibawaihi, Ibnul Jazari kuma ya zaɓi 17. Saboda haka yaron da yake koyon inda ƙaf take fita da inda kaf take fita a ajin tajwidi, yana tafiya ne a kan turbar da wannan bawan Allah ya share.

Bai gina doka a kan son rai ba. Kowace ƙa'ida sai ya kafa mata hujja da ayar Alƙur'ani, ko baitin waƙar Larabawa, ko maganar da ya ji daga wanda aka amince da Larabcinsa. Abu Umar Aljarmi, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara karanta littafin, ya ƙirga baitocin da ke ciki ya samu 1,050. Akwai kuma shaida mai kyau a kan amanarsa. Da aka gaya wa malaminsa Yunusa cewa Sibawaihi ya rubuta babban littafi daga ilimin Halilu, sai ya yi mamakin yaushe ya ji wannan duka, ya ce a kawo masa. Da ya duba wuraren da aka ambace shi shi kansa, ya ga babu ƙari babu ragi, sai ya yanke cewa wanda ya yi gaskiya a kansa lalle ya yi gaskiya a kan Halilu.

Littafin ba shi da gabatarwa, ba shi da rufewa, marubucin bai ma sa masa suna ba. Mutane suka riƙa ce masa Alkitab, wato Littafin. A Basra idan aka ce wane ya karanta Littafin, kowa ya san na Sibawaihi ake nufi.

Mas'alar rina

Zan faɗa muku abin da ya same shi a ƙarshe, domin kada wani ya ɗauka cewa mai himma ba ya gamuwa da baƙin ciki. A zamanin Halifa Haruna Rashidu, wanda ya hau mulki a shekara ta 170, Sibawaihi ya tafi Bagadaza wurin waziri Yahaya ɗan Halidu Albarmaki. Aka shirya muhawara tsakaninsa da Imam Kisa'i, jagoran malaman nahawu na Kufa, ɗaya daga cikin makaranta bakwai na Alƙur'ani, kuma malamin Al'amin ɗan halifa.

Kisa'i ya kawo wata jimla da ma'anarta ita ce mutum yana zaton harbin kunama ya fi na rina zafi, sai ya tarar ashe duk ɗaya ne. Tambayar ita ce, a ƙarshen jimlar lamirin rufu'a za a kawo, wato hiya, ko ya halatta a kawo na nasabi, wato iyyaha. Sibawaihi ya ce na rufu'a kaɗai ne daidai. Kisa'i ya ce duka biyun Larabawa suna faɗa. Aka shigo da wasu Larabawan daji da suke bakin fada a matsayin alƙalai, suka goyi bayan Kisa'i. Marubuta da dama sun ce mutanen nan sun san matsayin Kisa'i a wurin halifa, shi ya sa suka karkata. Mu dai ba ma taɓa mutuncin Kisa'i, limami ne daga limaman ƙira'a, kuma an ruwaito cewa shi da kansa ya roƙi waziri kada a sallami baƙon hannu banza, aka ba shi dirhami 10,000. Malaman baya, irin su Ibnu Hishamu a cikin Mugnil Labib, sun nuna cewa amsar Sibawaihi ita ce ta dace da abin da ya zo a Alƙur'ani, kamar ayar da ta ba da labarin sandar Annabi Musa da ta zama macijiya a cikin suratu Ɗaha.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bai zauna a Basra ba bayan haka, ya koma ƙasarsu ta Farisa, kuma bai daɗe ba Allah ya karɓi ransa, wajen shekara ta 180, daidai da 796 Miladiyya, yana da shekara 30 da 'yan kai. Kabarinsa yana Shiraz.

Wani zai tambaye ni, to ina amfanin himmar da ta ƙare a haka? Amsata ita ce a koma a duba abin da ya yi alkawari a majalisin Hammadu. Ilimi ya ce zai nema, kuma ya same shi cikakke. Kujerar fada da yabon waziri ba sa cikin alkawarin. Kyautata zato ga Allah ba ya nufin kowace ƙofa da ka ƙwanƙwasa za ta buɗe a ranar da kake so. Yana nufin ka tabbata aikin da aka yi da gaskiya ba ya ɓata a wurinsa, ko ka ga amfaninsa da idonka ko a gani bayanka.

Abin da ya biyo baya

Littafin ya fito ta hannun ɗalibinsa Al'ahfash na tsakiya, Sa'idu ɗan Mas'ada, wanda ya ma girme shi da shekaru. Aljarmi da Almazini suka karanta a wurinsa, daga nan ya bazu. An ruwaito cewa Kisa'i da kansa ya biya Al'ahfash ya karanta masa shi, kuma Alfarra'u, babban ɗalibin Kisa'i, ya rasu littafin yana ƙarƙashin matashinsa. Almazini yana ganin duk wanda zai rubuta babban littafi a nahawu bayan wannan ya kamata ya ji kunya. Almubarridu kuwa, idan ɗalibi ya zo zai karanta shi, yakan tambaye shi ko ya taɓa shiga teku, don ya nuna masa girman abin da ya tunkara. Assirafi, wanda ya rasu a 368, da Arrummani, wanda ya rasu a 384, sun yi masa manyan sharhohi. Da zamanin ɗab'i ya zo, an buga shi a birnin Faris na ƙasar Faransa tsakanin 1881 da 1889, aka buga shi a Bulaƙ ta Masar, daga baya Abdussalami Haruna ya tace shi ya fitar a Alƙahira cikin mujalladi 5. Yau shekara sama da 1,200 ke nan, har yanzu ana karantar da shi a jami'o'i.

Ba shi kaɗai ne Ba'ajamen da ya yi haka ba. Ibnu Haldun ya faɗa a Muƙaddima cewa akasarin waɗanda suka ɗauki ilimi a Musulunci ba Larabawa ba ne, kuma da ya zo nahawu da Sibawaihi ya fara misali. Mai Ajurumiyyar da ke hannunku, wanda ya rasu a Fas a shekara ta 723, ɗan ƙabilar Sanhaja ne daga Barbar. A ƙasashenmu, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta Albahrul Muhiɗ a nahawu da Alhisnur Rasin a sarfu. A nan Gana kuma muna da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da waƙoƙi cikin Larabci da Hausa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya sha Larabci a nono.

Nasiha

Ku 'ya'yana, yawancinku kuna Hausa a gida, kuna yaren Asante a kasuwa, kuna Turanci a makarantar boko. Kan da ya ɗauki harshe uku ba zai kasa ɗaukar na huɗu ba. Abin da yake hana ku shi ne rarrabuwar hankali. Littafi yana buɗe a gaba, waya tana cinya, kunne ɗaya yana wurin malam, ɗaya yana wurin ƙwallo. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku ware wa nahawu lokaci sananne a kowace rana, ko da rabin awa ne bayan asuba, ku ajiye wayar a wani ɗaki. Ku riƙe littafi ɗaya har ku sauke shi kafin ku nemi na gaba. Ku ɗauki aya ɗaya daga karatunku na jiya ku yi mata i'irabi a rubuce, ku kawo a duba. Duk kuskuren da aka gyara muku, ku rubuta shi a bayan littafi, domin shi ne yake nuna muku darasin da za ku bi gobe. Kuma kada ku yi wa ɗan'uwanku dariya idan ya yi lahani, ba ku san wanda Allah zai buɗe wa ba.

Ku kuma iyaye, ku kiyaye harshenku a kan 'ya'yanku. Yaron da kullum ake ce masa kansa ba ya ja, wata rana zai gaskata, ya daina ƙoƙari. Ku tambaye shi abin da ya karanta yau, ku saurare shi ko da ba ku san Larabcin ba, ku sa masa albarka. Ku rage masa aike a lokacin bitarsa. Mai nema yana tare da samu, amma sai an bar shi ya nema.

Allah ya jiƙan Imam Sibawaihi da malamansa da duk waɗanda suka yi wa harshen Alƙur'ani hidima. Allah ya buɗe ƙwaƙwalen 'ya'yanmu, ya ba su himma da haƙuri, ya sa iliminsu ya amfane su ya amfani al'umma. Amin.